Abubuwan da ya kamata ka sani idan sabunta laburaren manhaja ya ɓata maka aiki

Ranar 16 ga watan Yunin 2024 aka saki NumPy 2.0, sabuwar sigar laburaren lissafin da kusan duk mai nazarin bayanai da harshen Python ya dogara da shi. Tun da aka fitar da siga ta 1.0 a 2006 ba a taɓa yi masa sauyi mai girman wannan ba. A makonnin da suka biyo baya, ɗalibai da masu bincike da ma'aikatan kamfanoni a ƙasashe da dama suka riƙa tarar da manhajar da ta yi aiki lafiya lau jiya ta ƙi tashi yau, alhali ko harafi ɗaya ba su taɓa ba a cikinta. Abin da suka yi kawai shi ne sun ba da umarnin sabuntawa, ko sun girka kayan aikinsu a sabuwar kwamfuta.

Duk wanda ya daɗe yana rubuta manhaja, ko yake amfani da Linux, sai ya gamu da irin wannan rana. Akwai hanyoyin fita, kuma mafi yawansu ba su da wuya. Sai dai wasu daga cikin dabarun da suka fi yawo a intanet suna tayar da manhajar yau, su bar wa mutum ɓarnar da ta fi ta farko.

## Manhajarka ba kai kaɗai ka rubuta ta ba

Laburare a fagen kwamfuta tarin umarni ne da wani ya riga ya rubuta domin wani aiki takamaimai, ya ajiye kowa ya ɗauka. OpenSSL yana ɓoye sirrin abin da ke wucewa tsakanin kwamfutarka da shafin banki. Zlib yana matse fayil. NumPy yana lissafi da miliyoyin lambobi cikin ƙiftawar ido. Mai rubuta manhaja kamar makanike yake: ba ya ƙera filogi ko kaburata da kansa, saye yake ya ɗaura, kuma ranar da kamfani ya sauya girman zaren filogin, injin da ke gabansa ba zai karɓa ba.

Abin da ke rikita lamarin shi ne kowane laburare shi ma yana tsaye ne a kan wasu. Ka girka abu ɗaya, shi ya jawo goma, goman su jawo ɗari, kuma yawancinsu ko sunansu ba ka taɓa ji ba. A watan Maris na 2016 wani mai rubuta manhaja, Azer Koçulu, ya samu saɓani da kamfanin Kik a kan sunan wani ƙunshi nasa, sai ya janye ƙunsoshinsa sama da 250 daga rumbun npm na harshen JavaScript. A cikinsu akwai left-pad, mai layi 11 kacal, wanda aikinsa cike gurbi ne a hagun rubutu. Manyan ayyuka irin su Babel sun dogara da shi ta bayan fage, don haka dubban ayyuka suka kasa girkuwa har sai da npm ya dawo da shi cikin 'yan sa'o'i, daga baya kuma ya tsaurara dokar janye ƙunshi.

## Yadda sabuntawa ke karya abin da ke aiki

NumPy 2.0 ya nuna kusan dukkan fuskokin matsalar a lokaci guda, shi ya sa ya cancanci a tsaya a kansa.

Fuska mafi sauƙi ita ce cire suna. Shekara da shekaru mutane suna rubuta `np.NaN` da `np.Inf` da `np.float_`. A sabuwar sigar an cire su, an bar `np.nan` da `np.inf` da `np.float64`. Manhajar da ta kira tsohon suna takan tsaya nan take, ta faɗi layin da ta tsaya. Wannan gyaran minti biyar ne idan kai ka rubuta layin. Idan kuwa layin yana cikin laburaren wani ne, sai ka jira mai shi ko ka nemi hanyar kewayewa.

Fuska ta biyu ta fi ruɗa sabon shiga. Wasu laburare, kamar pandas, suna da sassan da aka rubuta da harshen C ko makamancinsa, aka riga aka mayar da su harshen na'ura kafin su iso gare ka. A lokacin wannan mayarwa, an ɗinke su da ainihin tsarin cikin NumPy na wancan lokaci, har da girman wurin da kowane abu yake ci a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Da siga ta 2.0 ta sauya wannan tsari, tsohon pandas ya riƙa faɗuwa tun a layin farko, `import pandas`, da saƙon da ya fara da `numpy.dtype size changed`, yana cewa ya sa ran ganin 96 amma ya tarar da 88. Ɗalibin da ya ga wannan yakan ɗauka shi ne ya yi kuskure, ya goge aikinsa ya sake rubutawa, ko ya cire Python ɗin gaba ɗaya ya sake sauke shi da datar da ya saya da kuɗinsa. Lambobin nan biyu kuwa ba su da alaƙa da abin da ya rubuta. Laburare biyu ne aka haɗa waɗanda ba sa'o'in juna ba ne. Sai daga pandas 2.2.2 aka samu sigar da ta dace da NumPy 2.0.

Fuska ta uku ita ce ta fi ba ni tsoro, domin ba ta yin ƙara. Manhaja ta tashi, ta gama aiki, ta ba da amsa, amma amsar ta sauya. A NumPy 2.0 an sake dokar haɗa nau'o'in lambobi: tara lamba ta `float32` da lambar Python mai ɗigo, wanda a da yake ba da `float64`, yanzu `float32` yake bayarwa, wato da ƙarancin daidaito. A Windows kuma cikakkiyar lamba ta asali ta tashi daga bit 32 zuwa bit 64. Mai lissafin kuɗi ko sakamakon gwajin kimiyya ba zai ga wani jan rubutu da zai faɗakar da shi ba, sai idan yana da tsohon sakamako da zai gwada da sabo.

## Abin da lambobin siga ke faɗa

Yawancin laburare suna sa lamba uku, kamar 1.26.4. Bisa ƙa'idar da Tom Preston-Werner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa GitHub, ya rubuta, lambar ƙarshe takan hau idan an gyara kuskure, ta tsakiya idan an ƙara sabon abu ba tare da taɓa tsoho ba, ta farko kuma idan an yi sauyin da zai iya karya aikin masu amfani. Tashi daga 1.26.4 zuwa 2.0.0 gargaɗi ne a bayyane, kuma masu NumPy sun yi watanni suna shelarsa. Waɗanda abin ya rutsa da su galibi sun rubuta `numpy` ne kawai a jerin bukatunsu ba tare da iyaka ba, wato sun ce a ba su kowace siga ce ta fi sabunta.

Amma ƙa'idar alkawari ce kawai, babu mai tilasta ta. A Fabrairun 2022 MarkupSafe ya tashi daga 2.0.1 zuwa 2.1.0, lambar tsakiya kaɗai ta motsa, amma an cire wani aiki mai suna `soft_unicode` da tsohon Jinja2 yake kira, sai shafukan intanet da dama da aka gina da tsohon Flask suka ƙi tashi.

## Kafin ka taɓa komai, gano wanda ya sauya

Kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawa: a sake sabunta komai, a sake kunna kwamfuta, a kwafo umarni biyar daga wurare biyar a zuba. Bayan haka ko gwani ya zo ba zai iya gane inda aka faro ba.

Fara da karanta saƙon kuskuren har ƙarshe. A Python layin ƙarshe shi ke faɗin abin da ya faru, layukan da ke samansa kuma suna nuna fayil ɗin da abin ya auku. Idan hanyar fayil ɗin ta bi ta cikin folda mai suna `site-packages`, to matsalar tana cikin laburaren wani. Daga nan tambaya ɗaya ce: me ya sauya tsakanin jiya da yau? Kwamfuta tana ajiye amsar. A Ubuntu da Debian tana cikin `/var/log/apt/history.log`, da rana da lokaci da tsohuwar siga da sabuwa. A Fedora `dnf history` zai jero maka. A Arch akwai `/var/log/pacman.log`. A Python, `pip list` yana nuna abin da ke girke yanzu, `pip check` kuma yana tona laburaren da bukatunsu suka ci karo.

Idan ka samu sunan, kwafi ainihin layin kuskuren ka nema tare da sunan laburaren da lambar sigarsa. Wurin da ya fi cancanta ka duba shi ne shafin rahoton matsaloli na masu laburaren, wanda yawanci yake GitHub, da bayanin sauye-sauyen da suke fitarwa da kowace siga. Idan matsalar babba ce, da wuya ka zama na farko.

## Komawa baya, da ƙulle siga

Ga mafi yawan mutane a watan Yunin 2024, layi ɗaya ne ya warware komai:

`pip install "numpy<2"`

Ma'anarsa a ba ni NumPy mafi sabunta da bai kai 2 ba, wato 1.26.4. Wannan shi ne ginshiƙin dabarar: koma sigar ƙarshe da ka san tana aiki, sannan ka rubuta iyakar a inda za ta dawwama, wato a fayil ɗin `requirements.txt` ko makamancinsa, don kada girkawa ta gaba ta sake jawo matsalar. Idan laburaren da ya ɓaci ba kai ka kira shi kai-tsaye ba, wani ne ya jawo shi, a npm akwai sashen `overrides` a cikin `package.json` da zai tilasta sigar da kake so, a pip kuma akwai fayil ɗin iyakoki da ake bayarwa da `-c`.

Abin da nake ba da ƙarfi a kai shi ne a taƙaita komawar. Laburare ɗaya ya ɓaci, shi kaɗai za a mayar baya, kuma a cikin wannan aikin kaɗai. Hanyar yin haka a Python ita ce keɓaɓɓen muhalli: `python -m venv` yana ƙirƙirar folda mai nata laburaren, ta yadda aikin makaranta zai zauna da NumPy 1.26 aikin ofis kuma da 2.0 a kwamfuta guda ba tare da sun ga juna ba. Wanda bai fara wannan ɗabi'a ba, yau ce ranar farawa. Idan aikin yana tafiya daidai, `pip freeze` zai fitar da jerin kowane laburare da ainihin sigarsa. Ajiye jerin tare da aikin. A JavaScript `package-lock.json` ne ke yin wannan, kuma `npm ci` yana girka abin da ke cikinsa ba ƙari ba ragi. Kada ka goge shi don wani ya ce gogewa na warware matsala, domin shi ne shaidarka ta abin da ya yi aiki.

Ga wanda data take yi wa tsada ko layinsa yake yankewa, `pip download` yana sauke laburaren a folda ka ajiye a filasha, ka girka daga can duk lokacin da kake so. Malamin da ke koyar da aji guda zai hutar da kansa da ɗalibansa idan ya raba musu folda ɗaya da jerin sigogi ɗaya, maimakon kowa ya sauke abin da ya tarar a ranar.

## Idan laburaren na tsarin kwamfutar ne gaba ɗaya

Nan wurin taka-tsantsan ne, domin laburaren tsarin Linux manhajoji da yawa ne ke shan ruwa daga gare shi. A Ubuntu ko Debian, `apt-cache policy` da sunan ƙunshin zai nuna sigogin da ake da su, ka girka tsohuwar ta hanyar sa alamar daidai da lambarta bayan sunan, sannan `apt-mark hold` ya hana a sake sabunta shi. Idan tsohuwar ta ɓace daga rumbu, Debian tana ajiye tsofaffin ƙunsoshinta a snapshot.debian.org. A Fedora akwai `dnf downgrade` da `dnf history undo`. A Arch tsofaffin ƙunsoshi suna zaune a `/var/cache/pacman/pkg`, sai dai masu Arch sun faɗa ƙarara cewa ba sa goyon bayan sabunta wani sashe a bar wani, don haka riƙe ƙunshi a can na ɗan lokaci ne. Glibc kuwa, wanda kusan kowace manhaja a Linux take tsaye a kansa, kada ka mayar da shi baya shi kaɗai, domin kana iya wayar gari ko umarnin gyaran ma ya ƙi tashi.

Akwai wata dabara da ta yaɗu bayan fitowar Ubuntu 22.04 a Afrilun 2022, wanda ya zo da OpenSSL 3.0. Tsofaffin manhajoji suka riƙa kukan ba su ga `libssl.so.1.1` ba, domin abin da ke kwamfutar yanzu `libssl.so.3` ne. Sai wasu suka riƙa ba da shawarar a ƙirƙiri mahaɗin fayil mai tsohon suna da zai nuna sabon, a yaudari manhajar. Lambar da ke ƙarshen sunan an sa ta ne musamman don ta ce waɗannan biyun ba sa maye gurbin juna. Idan ka yi sa'a manhajar za ta ƙi tashi da wani sabon kuskure. Idan ba ka yi ba za ta tashi ta faɗi a tsakiyar aiki, kuma laburaren da ake wasa da shi shi ne mai tsare kalmar sirrinka. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido. Abin da ya fi shi ne a nemi sabuwar sigar manhajar da aka gina don OpenSSL 3, in babu kuma a gudanar da ita a cikin kwantenar Docker mai tsohon tsari, inda tsufanta ba zai shafi sauran kwamfutar ba.

Haka nan duk umarnin da ke ɗauke da `--force` ko `--break-system-packages`, sunansa ya riga ya gaya maka abin da zai yi. Tun daga Debian 12 da Ubuntu 23.04, pip yana ƙin girka abu a Python ɗin tsarin kwamfuta, saboda kayan aikin tsarin da kansu suna amfani da shi. Amsar wannan ƙin ita ce `venv`.

## Wani lokaci da gangan ake ɓatawa

A Janairun 2022 mai laburaren colors, wanda a lokacin ake saukewa sama da sau miliyan 20 a mako daga npm, ya saki sabuwar siga da ya sa mata umarnin da ba ya ƙarewa: manhaja ta buga tutar Amurka, sannan ta yi ta zubo haruffan banza ba tsayawa. Tun a 2020 ya yi ƙorafin cewa manyan kamfanoni suna cin gajiyar aikinsa kyauta. Ayyukan da suka rubuta `^1.4.0`, wato sun yarda da duk wani ƙaramin sabuntawa, su ne suka kwashi ɓarnar, ciki har da wani kayan aikin Amazon. Waɗanda suka ƙulle a 1.4.0 ko a jikinsu.

Na laburaren xz ya fi muni. Ranar 29 ga Maris 2024 Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya bayyana cewa ya lura shiga wata kwamfuta ta SSH yana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba, ya bi diddigi har ya gano ɓoyayyiyar ƙofar kutse a sigogi 5.6.0 da 5.6.1 na wannan laburaren matse fayil. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ne ya dasa ta, bayan ya shafe kimanin shekara biyu yana taimakawa har aka amince masa. Shawarar da hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta bayar ita ce a koma siga mai tsabta kamar 5.4.6. Tsayayyun sigogin Debian da Ubuntu da Red Hat ba su kamu ba, saboda ba sa gaggawar ɗaukar sabon abu. Daga nan nake ganin hikimar jinkirta babban sabuntawa na 'yan kwanaki a kwamfutar da ake neman abinci da ita, kuma kada a yi shi a daren da za a miƙa aiki.

## Ƙullewa bashi ne

Duk abin da na faɗa a kan komawa baya yana da iyaka, kuma nan ne mutane suka fi sakaci. Manhaja ta tashi, hankali ya kwanta, sai a manta da layin da aka ƙulle har shekara biyu.

Tsohuwar siga ba ta samun gyaran tsaro har abada. OpenSSL 1.1.1 ya daina samun gyara na kyauta daga masu shi tun 11 ga Satumbar 2023. A 2017 an fitar da gyaran wata ɓaraka a Apache Struts a watan Maris, kamfanin Equifax na Amurka bai sabunta ba, masu kutse suka shiga daga watan Mayu suka kwashe bayanan mutum kimanin miliyan 147. A Disambar 2021 kuma, da ɓarakar Log4j ta bayyana, sai da aka saki gyara sau huɗu cikin wata guda, daga 2.15.0 zuwa 2.17.1, kuma duk wanda ya tsaya a tsohuwar siga ƙofarsa a buɗe take. Idan sabuntawar da ta ɓata maka aiki ta tsaro ce, kuma kwamfutar tana fuskantar intanet, gara ka gyara naka aikin ya dace da sabuwar siga, ko da zai ci maka kwana biyu.

Ko babu batun tsaro, duniya tana tafiya ta bar wanda ya ƙulle. NumPy 1.26 an shirya shi ne don Python 3.9 zuwa 3.12. Python 3.13 ya fito a Oktoban 2024, kuma wanda har yanzu yake riƙe da `numpy<2` zai tarar babu shiryayyen ƙunshi da zai girka a kansa. Ƙulle ɗaya ya haifi na biyu, domin yanzu dole ya riƙe tsohon Python ma.

Saboda haka duk lokacin da ka ƙulle siga, rubuta sharhi a gefen layin: ranar da ka yi, dalilin, da adireshin rahoton matsalar. Sa wa kanka ranar komawa. Idan ranar ta zo, buɗe sabon muhalli, cire iyakar, gwada aikin da bayanan da ka san amsarsu. Ga masu NumPy, kayan binciken Ruff yana da doka mai lamba NPY201 da ke gano tsofaffin sunaye ya gyara da yawa daga cikinsu da kansa.

## Ka sanar da masu shi

Yawancin waɗannan laburare 'yan sa-kai ne ke kula da su, wasu mutum ɗaya ko biyu, bayan sun tashi daga aikin da ke ciyar da su. Xz da duniya ta dogara da shi, Lasse Collin ne kusan shi kaɗai ya riƙe shi shekaru da yawa, kuma gajiyarsa ce aka yi amfani da ita aka kutso. Ba za su iya gwada aikinsu a kowace irin kwamfuta ba, sai wanda abin ya faru da shi ya faɗa.

Idan ka duba ba ka ga wanda ya riga ka kai rahoto ba, ka kai. Faɗi tsarin kwamfutarka, sigar da ke aiki da wadda ta ɓaci, cikakken saƙon kuskuren, da 'yan layuka kaɗan da za su sa matsalar ta bayyana a wurinsu. Ka tabbata ka share kalmar sirri da bayanan mutane kafin ka liƙa komai. Turancinka ba sai ya yi kyau ba, lambobin su ne abin da suke bukata. Idan kuma wani ya riga ka, kada ka ƙara da faɗa ko gori. In kana da sabon bayani ka ƙara, in ka samu hanyar kewayewa ka rubuta ta a wurin, domin akwai ɗalibin da zai zo nema gobe da saƙon kuskure irin naka.